Zanzaro da Ramin da Ta Shafe

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta fito mu ji ta.

Zanzaro mai siririn ƙugu ba ta zama da kowa. Ta haƙa rami a yashi, ta harbo fara don abincin 'yarta, ta saka ƙwai a kanta, ta shafe bakin ramin.

Tururuwa ta ce, "Maƙwabciya, bar alama mana."

"Alamar da zan gane, Kaza ma za ta gane."

Da ta tsufa ta dawo, ramin ya ɓace mata. Sai ga wata budurwar zanzaro tana haƙa.

"Yarinya, wace ce uwarki?"

"Fara ce, Iya. A jikinta na farka, yunwa ta sa na cinye ta. Matsa, kin tare mini wuri."

Tsohuwa ta matsa.

Ƙurunƙus, kan ɓera a cikin yashi.