Dangar da Aka Yi wa Tumaki Masu Kwalli

Akwai wani mutum mai 'yar gona a gindin dutse, wanda ya gaji garken tumaki daga mahaifinsa. Ba su da yawa, ba kuma irin manyan nan ba ne da ake tsayawa kallo a kasuwa. Farare ne, kowace da baƙin zobe kewaye da idonta, har mutanen ƙasar suna ce musu masu kwalli. Amma damina ba ta kayar da su. In ruwa ya yi yawa kofaton tumakin mutane ya ruɓe, su suna kan dutse suna kiwonsu. Da rani kuwa, ko karan dawa suka samu sai su yi ƙiba. Kakansa ne ya fara kiwonsu, kuma an san babu irinsu.

To, mahaifin mutumin nan yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ƙona wa ɗan rai tun yana yaro. In an gama girbi, sai tsohon ya zaɓi 'yar tunkiya mai kyau, ya ɗaura mata igiya, ya ba wani. Bana gwauruwa, baɗi baƙon da ya zo neman gona. Wani lokaci kuma ya ja babban ragonsa ya haye dutse, ya dawo da wani ƙaramin rago. Ɗan yakan ce a ransa, "An sake cutar Baba." Bai taɓa tambayarsa dalili ba. Haka masu fushi suke, na san su sarai: bakinsu na aiki, kunnensu na hutu.

Da tsohon ya rasu, mutumin ya ce, "Daga yau an daina rabo." Ya yi wa garken danga mai tsayi da ƙaya, ya sa ƙofa ɗaya, ya ajiye ragon da ya fi kowane kyau a ciki. Wata rana maƙwabcinsa ya zo ya ce, "Ɗan'uwa, ara mini ragonka ya yi wa tunkiyata barbara."

Ya ce, "In kwalli kake so, je kasuwa ka saya wa matarka."

Maƙwabcin ya juya ya tafi.

Shekarun farko garken ya ƙaru, mutumin yana tafiya yana ɗaga kafaɗa. Ragon ya haifi 'ya'ya, ya kuma hau 'ya'yansa. 'Ya'yan suka girma suka hau 'yan'uwansu. Sannu a hankali sai aka fara haifar 'yan raguna ƙanana, wani da karkatacciyar ƙafa, wani ba ya iya kama nono. Tumakin suka shiga ɓari. Kwallin idonsu yana nan daram, amma ƙarfin ya tafi.

Abin ya ɗaure masa kai, kuma gaskiya ya yi bincike. Ya ce ko harawa ce, ya canja harawa. Ya ƙara dusa, ya ƙara kanwa. Ya ɗanɗana ruwan da suke sha. Ya tsuguna yana murza kashinsu da tsinke ko zai ga tsutsa. Ya buɗe bakin kowace ya duba haƙora. Ya bi danga yana neman inda maciji ko cuta za su shigo, bai ga ko ramin ɓera ba.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka duba kome, saura dangar."

Ya ce, "Danga lafiyarta ƙalau. Babu abin da ke shiga."

Ta ce, "Ai shi na gani." Ta koma bakin murhu.

A haihuwar shekarar nan, ɗan rago ɗaya tak ya miƙe da ƙafafunsa. Mutumin ya gane cewa in aka ƙara shekara biyu a haka, irin da kakansa ya bari zai ƙare a hannunsa.

Ana nan sai aka yi rasuwa a wani ƙauye bayan dutse, ya tafi gaisuwa. A hanyar dawowa ya bi ta bayan wani gida, sai ya tsaya cak. Ga tumaki masu kwalli, manya, masu faɗin ƙirji, irin waɗanda ya sani yana yaro, 'ya'yansu suna tsalle a kan turmi. Wata tsohuwa tana watsa musu kowar wake.

Ya ce, "Sannu, Iya. Don Allah, ina kika samo waɗannan?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi dariya. "Kai ne ɗan nan da ya bi ni har bakin rafi yana kuka, wai in mayar da tunkiyar babansa? Kunnen nan naka bai canja ba."

Kunya ta kama shi. Ya ce, "Ni ne, Iya. Amma me kike ba su? Nawa suna mutuwa."

Ta ce, "Abin da kake ba naka. Sai dai ni ragona ba ya daɗewa a gidana. In ya yi shekara biyu, sai in kai shi gidan wani da babanka ya ba tunkiya, in karɓo nasa. Mu da yawa ne a ƙauyukan nan. Haka babanka ya koya mana, shi ma haka yake yi. Kana tsammani ƙananan ragunan da yake komawa da su gida daga sama suke faɗowa? Jini in ya daɗe yana zagaya gida ɗaya, gajiya yake yi. Mun yi ta jiranka, muka ji ka yi danga."

Mutumin ya ce, "Ki sayar mini da rago ɗaya."

Ta ce, "Ba da kuɗi na samu ba, ba zan sayar ba. Kama wancan mai tsagaggen kunne ka tafi. Amma 'yar tunkiyar farko da ya haifa, ka ɗaura mata igiya ka ba wanda ka taɓa hanawa."

Ya ja ragon ya hayo dutse. Da shekara ta kewayo, 'yan raguna suka miƙe suna tsalle. Ya zaɓi 'yar tunkiya mafi kyau, ya kai ƙofar maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya dubi idonta, ya ce, "Ashe ba sai na je kasuwa ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: tumakin nan bangaskiya ce da iyayenmu suka bar mana, da Maganar Allah, da kowace baiwa da Ubangiji ya sa a hannunmu. Dangar kuwa ita ce wannan magana da nake ji har ta ishe ni: cocinmu, danginmu, yarenmu. Mawaƙa 'yan gida ɗaya. Dattawa 'yan unguwa ɗaya. Baƙo ya shigo sujada, a bi shi da ido kamar ya zo satar kujera, a tashi babu wanda ya tambayi sunansa. Sa'an nan mu zauna muna mamaki: me ya sa addu'armu ta rame? Me ya sa 'ya'yanmu ba sa tsayawa? Mu canja waƙa, mu sayi sabuwar ganga, mu yi wa bango fenti. Wannan duk canjin harawa ne. Kwallin yana nan, sunan Kirista yana nan, ƙarfin ne babu.

Ku lura da abu ɗaya. Abin da mutumin nan ya kulle, shi ya kusa mutuwa. Abin da mahaifinsa ya bayar, shi ya rayu a bayan dutse har ya dawo ya ceci gidan. Ba wauta tsohon yake yi ba, ajiya yake yi a wurin da ta fi tsaro.

Saboda haka kada ka tambaye ni wane ne maƙwabcin. Ka san shi, ka san abin da ka faɗa masa, ka san ƙofarsa. Nemi igiya.