Babin da Malam Ya Ɓoye

Al'amarin ya faro ne a shekarar da wata cibiyar koyar da sana'o'i ta buɗe sashen tsara ɗumama gine-gine da sanyaya su. A wannan sashe aka yi wani mutum, malami, wanda babu na biyunsa a fannin. Ba zan ambaci sunansa ba, ya 'yan'uwa, domin ba tonon asiri ya kawo ni ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Mai wannan aiki yakan zauna da zanen gini, ya lissafa zafin da rana za ta zuba ta tagogi, da sanyin da zai ratso bango, da yawan mutanen da za su yi numfashi a ciki. Sannan ya zana wa iska hanya: inda za ta shigo, bututun da za ta bi, da inda za ta fita. Idan ya yi daidai, babu mai tunawa da shi. Idan ya kuskure, mutane ne ke shaƙar kuskurensa.

Wannan malami Allah ya ba shi basira. Yakan shiga ɗaki ya ɗaga tafin hannunsa kawai, ya gaya maka ta inda sanyi ke satar hanya. Ba a san shi da shaye-shaye ba, ba a san shi da cin haƙƙin kowa ba, kuma sahun gaba ba ya wuce shi a masallaci. Amma yana da wata ɗabi'a guda wadda ba ya ɗaukarta zunubi.

Yana koyar da komai, ban da babi ɗaya, wato babin hayaƙi. Injin ɗumama ɗaki mai aiki da gas yana fitar da hayaƙinsa waje ta bututu, wani bututun kuma yana jawo sabuwar iska zuwa ciki. Idan bakunan bututun nan biyu suka kusanci juna, musamman a lungun da iska ba ta kaɗawa, abin da ɗaya ya fitar shi ɗayan zai mayar cikin ɗaki. Kuma abin da ke kisa a cikin wannan hayaƙi ba shi da wari, ba shi da launi. Littafin da ɗalibai ke karatu da shi, Malam ne ya haɗa shi da kansa, kuma wannan babi ba ya ciki. Duk lokacin da darasi ya kusanto wurin, sai ya ajiye alli ya ce, "Wannan sai a fagen aiki. Idan kun kai nan, ku neme ni."

Haka kuwa ake yi. Waɗanda suka gama karatu sukan dawo da zanensu a hannu, su durƙusa, ya gyara musu wurin ba tare da ya bayyana dalili ba. Wannan durƙuson shi ne abin da yake so. Ya taɓa ce wa matarsa, "Idan na juye musu komai, gobe a hanya za su wuce ni ko gaisuwa babu."

A cikin ɗaliban wata shekara akwai wani magidanci wanda 'yan ajinsu suka raɗa wa suna Me-ya-sa, saboda ba a faɗin abu ya bar shi ya wuce bai nemi dalili ba. Mutum ne mai ladabi, yana kuma ƙaunar malaminsa ƙauna ta gaskiya. Wata rana Malam ya yi tuntuɓe a lissafi a kan allo, Me-ya-sa ya ɗaga hannu ya ce, "Gafarta Malam, me ya sa aka ninka a nan? Ina ga rabawa ya kamata." Aji ya fashe da dariya. Malam ya yi yaƙe, ya goge, ya gyara. Ɗalibin ya manta da zancen kafin a tashi. Malam bai manta ba.

Malam yana da tsohuwa, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Tana zaune a wani ɗaki a bayan gidansa, ɓangaren da rana ba ta kaiwa, ga ta da ciwon gaɓoɓi. Kowace safiya yakan tsaya daga bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, jaka a hannu.

"Inna, an tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau, ɗan nan, sai dai sanyin nan."

"Zan duba," in ji shi, ya wuce.

Mutumin da ya ɗumama asibitoci da makarantun mutane, shekara da shekaru yana cewa zai duba ɗakin uwarsa.

Da sanyi ya tsananta, Inna ta kwanta rashin lafiya, ɗalibai suka je gaishe ta. Suka same ta a naɗe cikin barguna, safa a kan safa. Ta dube su ta ce, "Ku ne masu koyon sanyaya ɗaki? To duk wanda ya sanyaya nawa ya iya aiki, a ba shi takardar shaida ya tafi gida." Suka yi dariya, amma kunya ta kama su. Suna fita suka yanke shawara: kyautar da za su yi wa malaminsu ta kammala karatu ita ce su ɗumama ɗakin mahaifiyarsa da hannunsu. Suka sanar da matar Malam, ta yi murna har da ƙwalla. Ta ce, "Don Allah kada ku gaya masa. Kuna faɗa zai ce zai duba."

Me-ya-sa ne ya yi zanen. Da ya gama, ladabinsa bai bar shi ya fara aiki ba sai malaminsa ya gani. Ya kai masa ofis, ya shimfiɗa a kan tebur.

"Malam, wani ɗan ɗaki ne, a duba mini."

Kallo ɗaya Malam ya yi ya ga matsalar. Bakin bututun hayaƙi da na sabuwar iska suna kafaɗa da kafaɗa, a wani matsattsen lungu tsakanin bangon ɗaki da katanga. Fensir yana hannunsa. Har bakin fensirin ya taɓa wurin. Sai ya tuna dariyar aji. Ya ce a ransa, ai kowane zane sai ya bi ta hannun jami'in duba gine-gine, shi zai dawo masa da shi da jan biro, mai yawan tambaya ya dawo ya durƙusa. Ya ɗage fensirin.

"Ya yi kyau," in ji shi.

"Babu gyara ko kaɗan, Malam?"

"Kai da kake gyara mana lissafi a allo?"

Ɗalibin ya ɗauka yabo ne, ya naɗe takardarsa ya fita yana godiya.

Ya 'yan'uwa, ku tsaya ku duba wannan. Ƙofar da ke cikin zanen nan, ƙofar da yake tsayawa ce kowace safiya. Ƙaramar tagar, tagar uwarsa ce. Lungun, lungun gidansa ne. Yaya aka yi mutumin da ke gane ɗaki da tafin hannu bai gane wannan ba? Yaya zai gane ɗakin da rabonsa da zama a cikinsa har ya manta?

Ba a daɗe ba Malam ya yi tafiya zuwa wani taron malaman sana'a. Ɗalibai suka shigo da kayan aiki. Babu jami'in da ya ga zanen, domin kyauta ce a cikin gida, ba kwangila ba. Suka kafa injin, suka ja bututu, suka toshe duk wata kafa a taga da ƙasan ƙofa da roba don kada ɗumi ya tsere. Duk abin da ya koya musu sun yi shi daidai, babu aibi.

Ranar da zai dawo, da hantsi, suka kunna. Inna ta ji ɗumi ya ratsa ta, ta cire safa, ta miƙe yatsun ƙafarta tana dariya. Ta ce wa Me-ya-sa, "Kai angona, ashe haka duniya take? Da na san ka iya wannan, da tuni na tare a gidanka." Sannan ta ɗaga hannu ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara da cewa, "Allah ya yi wa ɗana albarka, shi ya koya muku." Bayan ta yi sallar azahar ta ce za ta ɗan kishingiɗa. "Ku ja mini ƙofar nan sosai, kada ɗumina ya gudu."

Suka ja mata ƙofa. Suka zauna a tsakar gida suna shan shayi, suna jiran malaminsu.

Da la'asar ya iso. Matarsa ta karɓi jakarsa tana murmushi, ɗalibai suka kewaye shi, suka ce akwai abin da za su nuna masa. Suka fara zagayawa da shi ta bayan ɗakin domin ya ga tsabtar aikin. Ya ɗaga kai ya ga bakunan bututu biyu, kafaɗa da kafaɗa, a lungu tsakanin bango da katanga.

Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba.

"Tun yaushe aka kunna?"

"Tun da hantsi, Malam."

"Inna fa?"

"Tana ciki tana barci," in ji matarsa. "Rabonta da barci mai daɗi irin..."

Bai tsaya ta ƙarasa ba. Ya ruga ya banke ƙofa, ya fasa gilashin taga da gwiwar hannu, ya sungumo tsohuwar ya fito da ita tsakar gida. Carbinta yana hannunta. Fuskarta a sake, kamar wadda ta sami hutun da ta daɗe tana nema. Ya girgiza ta, ya kira ta, ya hura mata numfashi. Inna ta riga ta tafi.

Salati ya kaure gidan. Babu wanda ya san abin da ya faru, domin ɗakin ba ya warin komai. Da Malam ya yi shiru a wannan lokaci, da kowa ya ce tsufa ne da ajali. Amma Allah ya matsi bakinsa. Ya ɗora hannu biyu a ka yana ihu, "Na gani! Wallahi na gani tun a takarda! Bututun nan na gan su!"

Matarsa ta saki jakar da ke hannunta. Me-ya-sa ya matso, ya durƙusa a gaban malaminsa, durƙuson da Malam ya daɗe yana jira.

"Ka gani, Malam?"

Malam ya kawar da kai.

"Na tambaye ka ko akwai gyara. Malam, me ya sa?"

Wannan ita ce tambaya ta ƙarshe da ya yi masa, kuma har yau ba a amsa ta ba.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Cibiyar ta sallame shi. Aka bi gine-ginen da tsofaffin ɗalibansa suka tsara ana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sunan da ya ƙarar da rayuwarsa yana tsarewa ya zama abin tsoro. Ƙannensa suka karɓi gaisuwar rasuwa a wani gida dabam, ba su yarda ya zauna a cikinsu ba. Shi kuwa, tun daga ranar bai sake iya zama a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa ba. Duk tsananin sanyi, a tsakar gida za ka same shi, yana karkarwa, yana kallon lungun nan.

Ya 'yan'uwa, mutumin nan bai ɗauki makami ba. Bai zuba guba ba. Fensir kawai ya ɗage. Mukan ɗauka zunubi sai abin da hannu ya aikata, mu manta da abin da baki ya riƙe alhali ya sani. Ilimin da ke kanka ba gadon gidanku ba ne, amana ce, kuma akwai ran da ke rataye da shi wanda ba ka san ko na wane ne ba. Malamar jinya da ke ɓoye wa sabuwar ma'aikaciya abin da ta sani don a ci gaba da nemanta, da makanikin da ke barin wani gyara bai koyar ba, da duk wanda aka kawo wa aiki ya duba, ya ga ɓaraka ya ce ya yi kyau domin yana jiran a ji kunya, kowannensu ya tambayi kansa: wa ke kwance a cikin ɗakin da na yi shiru a kansa?

Ba na yanke wa mutumin nan hukunci, ƙofar tuba ba ta rufe ba. Ya Allah, ka ji ƙan wannan tsohuwa, ka tsare mu daga hassadar da ke shiga zuciya ba wari ba launi, kada ka bar mu mu yi shiru a inda magana za ta ceci rai. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu baki ɗaya.

Me-ya-sa ya daɗe bai taɓa fensir ba. Matarsa ta roƙe shi ya bar sana'ar gaba ɗaya, ya nemi wata. Daga baya cibiyar ta aiko tana neman ya zo ya riƙe ajin da ya zama babu malami. Matarsa ta tambaye shi amsar da zai ba su.

Ya ce, "Zan karɓa. Kuma ranar farko, kafin kowa ya koyi jan layi, da babin hayaƙi zan fara."