Motar Ƙamshi Mai Karkarwa

Akwai wani mutum da ake yi wa laƙabi da Ƙamshi, saboda turaren da yake wanka da shi. In ya wuce ta layinku, sai ya yi nisa hancinka yana nan yana gaisawa da shi.

Sana'arsa kuwa jigilar kashin kaji ce. Yana bin gidajen masu kiwo ya sayi takin, a ɗura masa a buhuna, ya kai wa masu lambu a bayan gari. Da ita ya gina gida, da ita yaransa suke karatu, da ita ma yake sayen turaren. Amma in ka tambaye shi me yake yi, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Harkar kwangila." Kwangilar mece ce, ba ya ƙarasawa.

Ya daɗe yana wahala da motocin haya, har Allah ya sa ya haɗa duk abin da ya tara ya sayo sabuwar a-kori-kura irin ta zamani, fara fat, mai ƙofa huɗu. Ledar kujerun ma ƙin cirewa ya yi. Ranar da ya je saye ya gaya wa manajan wurin cewa shi ɗan kwangila ne, zagayen duba ayyuka zai riƙa yi da ita. Tun daga ranar manaja yake kiransa Babban Ɗan Kwangila, shi kuma yana amsawa har da ɗaga hannu.

Ba a jima ba mota ta fito da hali.

Da zarar ya hau babban titi ya ɗan taka totur, sai kujera ta kama ɓari a ƙarƙashinsa. Madubi ya yi ta rawa har motar da ke bayansa ta koma biyu. Kwalbar turaren da yake ajiyewa a gaban mota ta taso da ƙafarta, ta zo bakin gaɓa, ta faɗo masa a cinya. In ya rage gudu sai ta lafa, in ya ƙara sai ta dawo.

Ya yanke shawarar mayar da ita inda ya saya, tunda akwai garanti. To, ku saurari yadda mutuminku yake shirin zuwa kamfani, don a nan labarin yake.

Sai ya fara kai kaya lambu an sauke tas. Daga nan ya wuce wurin wankin mota, ya tsaya a kansu suna dirje bodin da buroshi, yana nuna musu lungu da tsinke. Ya fesa mata turare har tayoyi. Ya koma gida ya yi wanka, ya sa kayan da suka sha guga, ya ɗauki jakar hannu wadda babu komai a ciki sai cajar waya. Wurin kuwa ya cancanci kwalliya: bango duk gilashi, daɓe kana ganin fuskarka a ciki, sanyi na busowa ta sama, ga wata a bakin tebur tana cewa, "Barka da zuwa, ranka ya daɗe." Wannan "ranka ya daɗe" ɗin ya fi masa komai daɗi.

Shugaban kanikawan kamfanin, wani dattijo mai furfura a gemu, shi ya karɓi makulli suka fita gwaji tare. Suka hau babban titi, dattijo ya taka ta iya takawa. Mota ta miƙe lumui kamar a kan ruwa take tafiya. Kwalbar turare ko motsi ba ta yi ba.

Duk da haka dattijo bai ƙaryata shi ba. Ya sa aka yi wa tayoyi balansin, aka duba alaimen, wato saitin tsayuwar tayoyin. Washegari Ƙamshi ya yi lodi, ya hau titi, karkarwa ta ce ga ni nan. Ya sake saukewa, ya sake wankewa, ya sake komawa. Aka sauya tayoyin gaba da na baya. Ya koma, aka jona mata kwamfuta, kwamfuta ta ce lafiyarta ƙalau. Aka ɗaga ta sama, dattijo ya shiga ƙarƙashi da tocila yana bin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Da ya fito yana goge hannu sai ya ce:

"Yallaɓai, don Allah me kake ɗauka a baya?"

"Ni? Me kuwa zan ɗauka? Jakata ce sai robar ruwan sha."

Dattijo ya dube shi, ya dubi bodin da ke ta ƙyalli.

Daga nan Ƙamshi ya fara ɗaga murya. Ya ce sun sayar masa da gwanjo da sunan sabuwa. Ya ce wa dattijo, a gaban yaran aikinsa, furfurar banza ce da shi, gara ya koma facin taya. Dattijo dai ya miƙa masa makullinsa da hannu biyu.

A wurin zaman hira kuwa kowa ya zama injiniya. Mai shago ya ce gurɓataccen mai ne. Tela ya ce bakin mutane ne, ya rage yawo da ita. Wani bakanike na bakin titi ya ce a ba shi ita wuni ɗaya zai warware ta ƙusa-ƙusa ya gano, amma Ƙamshi ya san ranar da wani ya sa mata sifana a waje, ranar garanti ya tashi.

A gida ma bai samu mai taya shi ba. Duk lokacin da ya kawo ƙara, matarsa sai ta ce ita dai tunda take shiga motar nan ba ta taɓa jin komai ba. Ya ce to ta tafi kamfanin su ɗauke ta aiki, tunda bakinsu ɗaya.

Ana haka manaja ya kira shi a waya. Ya ce sun kai maganar har wurin masu ƙera motar, kuma za su turo injiniyarsu ta duba da kanta, rana ɗaya tak za ta yi. In ta samu matsala, kamfani zai gyara kyauta. In ba ta samu ba, an rufe maganar ke nan. Ya kuma tuna masa cewa da irin tafiyar da motar take ci, garantin, wanda da kilomita ake lissafa shi, ya kusa cika. Ƙamshi ya ajiye waya. Karkarwar ƙaruwa take yi, duk abin da ya mallaka kuma yana kan tayoyin nan huɗu.

Ana gobe injiniya za ta zo, ƙanwar matarsa ta haihu a wata unguwa da ke kan hanyar lambu. Matar ta ce ya rage mata hanya. Ya ce akwai kaya a baya, ta bari ya sauke ya wanke tukuna. Ta ce ita ba ta da lokacin jiran wanki, ta buɗe ƙofa ta shiga da kular abincinta a cinya.

Suna hawa babban titi murfin kula ya fara kaɗa ganga. 'Yan kunnenta suka kama rawa. Ta dafe gaban mota ta ce wannan fa? Ya ce abin da yake faɗa ke nan kullum ana mayar da shi mahaukaci.

Ya ajiye ta, ya wuce lambu aka sauke kaya, ya biyo ya ɗauke ta. A hanyar dawowa, titi ɗaya, gudu ɗaya, mota shiru. Ta daɗe tana kallon murfin kular, sannan ta juyo.

"Baban yara, a yaya kake kai wa 'yan kamfanin ita?"

"Kamar yaya a yaya? A mota mana."

"Da kaya ko ba kaya?"

Ya ƙura wa titi ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Tunda aka sayo ta, yau na fara shigarta da lodi, yau kuma na fara jin abin nan. Kai da kake cikinta kullum, kar ka ce min ba ka lura ba."

Ya lura mana. Ya daɗe da lura, can cikin ransa, sai dai duk lokacin da tunanin ya ɗago kai sai ya danne shi, don ya san inda zai kai shi. Ya ce mata cikin ƙunƙuni wurin nan ba wurin shiga da irin wannan kaya ba ne, manyan mutane ke zuwa, kuma an san shi da mutunci.

Ta ce, "Ni dai a baro na same ka kana tura takin nan, na kuma aure ka a haka. Turaren da ka fesa yau da safe ma shi ya saya maka. Ka zaɓa, ko su ji wari na rabin wuni, ko ka zauna da mota mai zazzaɓi har ta karye da kai a titi."

A haka suka iso gida.

Da safe ya je gidan kaji aka yi masa lodi kamar kullum, aka rufe da tamfol. Da ya zo kwanar wurin wanki, masu wankin suka hango shi suka fara jawo tiyo suna ɗaga masa hannu. Ya rage gudu. Har ya kunna sigina. Sai ya kashe, ya miƙe.

A ƙofar kamfani maigadi ya tare shi ya ce masu kwasar shara ta baya suke shiga. Sai da ya leƙo ya ga fuskar, ya ja da baya yana sara masa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hanci. Ƙudaje suka rako motar har gaban gilashi. Mai cewa "ranka ya daɗe" ta buɗe baki za ta faɗa, ta fasa, ta nemi hankici. Manaja ya fito da sauri.

"Babban Ɗan Kwangila, wannan kuma mene ne?"

Ƙamshi ya fito daga mota. Ya ce, "Kwangilar ke nan. Takin kaji nake sayarwa. Kuma sai da shi a baya take karkarwa."

Injiniyar, wata mace mai gilashin ido da rigar aiki, ba ta tsaya kallon fuskar kowa ba. Ta zagaya motar, ta durƙusa ta dubi yadda bayan ya zauna, ta ce a fara hawa da ita kan sikeli. In kayan sun wuce abin da aka ƙera ta ta ɗauka, to laifin nasa ne, babu ruwan kamfani. Ƙamshi kuwa bai taɓa aunawa ba. Ya tsaya yana kallon lambobi suna hawa, suna hawa, har suka tsaya. Ta duba ta ce bai wuce ba, amma saura ƙiris, kar ya ƙara ko buhu ɗaya.

Ta liƙa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin kujera, dattijo ya kama tuƙi, Ƙamshi yana baya. Suna hawa babban titi madubi ya fara rawa, gilashin idon injiniya ya zamo kan hancinta, kwalbar turare ta taso ta faɗa cinyar dattijo. Ya ɗauke ta ya ajiye a hankali, ya dubi Ƙamshi ta madubi.

"Yallaɓai, wannan ce jakar taka da robar ruwan sha?"

Ƙamshi ya ce, "Ita ce, Baba."

Bayanin da injiniya ta yi, ko ni da ban jira ƙarshen makaranta ba na gane shi. Akwai dogon ƙarfen da yake juyawa a ƙarƙashin mota yana kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, wanda kanikawa ke kira farfela. In an yi lodi bayan mota yana sauka, zaman farfela ya ɗan karkace. A mota mai lafiya wannan ba komai ba ne. Tasa kuwa tun daga masana'anta aka saita ta a karkace, sai nauyi ya ƙarasa ta. Ba kaya, babu mai ganewa, ko shekara za a yi ana jona kwamfuta. Ta ce da ya ci gaba a haka, wata rana a tsakiyar titi za ta tsinke.

Aka aiko da sabuwar farfela daga kamfani, aka gyara zaman sifirin na baya, bai biya komai ba. Ranar karɓar mota, da kayansa a baya ya je aka gwada. Kwalbar turare ta zauna daram.

Kafin ya tafi ya shiga gareji ya samu dattijo, a gaban yaran nan da suka ga ya ci masa mutunci, ya cire hula ya ce, "Baba, ka tambaye ni gaskiya na yi maka ƙarya, na kuma zage ka a kai. Ka yafe min."

Dattijo ya ce ya wuce. Ya goge hannunsa, ya ɗan matso ya rage murya.

"Ina da ɗan lambu a bayan gida, tumatirin ya ƙi. Kuna kai wa mutum har ƙofa?"

Yau in ka ga motar, a jikin ƙofarta an rubuta da manyan baƙaƙe: ƘAMSHI MAI TAKIN KAJI, ANA KAI WA HAR GONA. Turaren dai bai daina ba.

Darasi: Wanda ka je wurinsa neman gyara, nuna masa halin da kake ciki na gaskiya, ba wanda ka wanke ka fesa wa turare ba. Kuma sana'ar da take ciyar da kai ba abin ɓoyewa ba ce. Ku tura wa duk wanda kuka san yana jin kunyar abin da yake ci da shi, kar ku karanta ku lallaɓa ku wuce, ina ganinku.