Fartanyar Gwaggo Bushiya

An yi wani garin dabbobi a bakin kwari, Rafin Kanya ake ce masa. Gabas da garin akwai gonaki goma sha biyu, kuma duk abin da ake sa wa a baka daga can yake fitowa. Garin yana da doka tun kakanni: gonar da ta yi damina uku ba a noma ta ba, ta fita daga hannun mai ita, mai gari ya ba wa wani.

A cikin masu gonakin akwai Dila, wanda idonsa ba ya ganin abu ya ƙyale. Akwai Kurege, sarkin son banza. Akwai kuma Gwaggo Bushiya, tsohuwa mai taurin kai, wadda in ta ce e, to ko sama da ƙasa za su haɗu e ɗin ce.

Dila ya je birni ya ga yadda ake yanka gonaki ana jera shaguna, ya dawo yawunsa na tsinkewa. Ya san ba mai sayar masa da gonar gado. Sai ya fara shigo da buhunan shinkafa yana rabawa gida gida kyauta, yana cewa noma wahala ce, zamani ya wuce shi, kowa ya huta.

Wa ya ƙi banza? Damina ta zo ta wuce, fartanyu na rataye. Ta biyu ma haka. Kurege har tumbi ya ajiye. Gwaggo Bushiya kaɗai ke fita gona, ana yi mata dariya.

Da ruwan damina ta uku ya sauka, Gwaggo ta tarar da Dila a gonar Kurege da igiya yana awo, yana kafa turaku. Nan take ta gane so yake doka ta ci gonakin, mai gari ya ba shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta bi gari ƙofa ƙofa tana kiran gayya, tana faɗa musu cewa in kaka ta yi ba a noma ba, gonakinsu sun tafi.

Kurege yana kishingiɗe a inuwa ya ce, "Gwaggo, ke dai ba kya son ganin an huta. Mai ciyar da mu shekara biyu shi zai cuce mu?"

Ta ce, "Kaza ma ana watsa mata tsaba, ɗan nan. Ka taɓa tambayar ta dalili?"

Ba wanda ya fito. To, Gwaggo ba ta zauna kuka ba. Ta ɗauki 'yar fartanyarta da ƙwaryar iri, ta shiga gonar maƙwabcinta, ta share layi ɗaya tun daga wannan iyaka har waccan, ta shuka dawa. Washegari ta shiga ta gaba. Ku tuna ƙafafun bushiya fa, ba su kai ɗan yatsa ba. Kwana goma ta yi tana wannan aiki, bayanta kamar zai balle, har gonaki goma na maƙwabta kowace ta samu layinta. Ta Dila ce kawai ba ta taɓa ba, don ya cika ta da bulo da yashi, ba inda za a sa fartanya.

Da Dila ya ga tsiro ya fito, sai ya yi tsalle ya dire. Ya ja Gwaggo gaban mai gari, tsohon Kunkuru, yana kumfar baki, wai layi ɗaya ba noma ba ne, rainin hankali ne.

Kunkuru ya saurari kowa, kamar yadda ya saba. Sannan ya ce gaskiyar Dila ce, layi ɗaya ba ya ciyar da gida. Amma damina ba ta ƙare ba. Duk gonar da aka cika kwando biyar da amfaninta ranar kaka, ta mai ita ce.

Haushi ya sa Dila ya yi wauta. A ranar ya rufe rumbunsa, ya ce tunda abin butulci ne, ko ƙwayar shinkafa ba mai sake gani. Kwana uku kacal yunwa ta leƙa kowane gida, yara na kuka, tukwane a kife.

Kurege ne ya fara zuwa ƙofar Gwaggo, kansa a sunkuye. Ya ce lokacin shukar dawa ya wuce, sun makara.

Ta ce, "Na dawa ya wuce, na wake bai wuce ba. Je ka sauko da fartanyarka, ka kira sauran."

Ta buɗe rumbunta ta raba musu irin wake da ɗan abin da za su riƙe ciki. Aka yi gayyar da ba a taɓa gani ba a Rafin Kanya. Yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, hannuwa duk sun yi kanta, ba mai ƙorafi. Tumbin Kurege ya zube tas.

Ranar kaka Kunkuru ya bi gonaki yana ƙirga kwanduna, Dila na biye da shi yana harare-harare. Kowace gona ta cika biyar, wasu har da ɗori. Da suka zo ta ƙarshe, Kunkuru ya tsaya yana kallon tulin bulo, ya tambayi mai ita.

Dila ya ce tasa ce, gini zai yi.

Kunkuru ya ce, "Damina nawa rabonta da shuka?"

Kowa a wurin ya san amsar: damina uku ke nan. Aka mayar da gonar ta gari, aka kwashe bulon aka gina babban rumbu da shi. Dila ya tashi cin gonaki goma sha ɗaya, ya tashi ba ko ɗaya.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne: wanda ya hana ka noma ya ba ka tuwo, gonarka yake so. Garin da ya bar ƙasar nomansa ya miƙa wa wani cikinsa, ranar da mai bayarwa ya yi fushi kuwa, sai a kwana da yunwa. In ka ga ana barci a kan abin da zai ci kowa, kada ka jira taro, ɗauki fartanyarka ka fara.