Takalmin da Baba Ya Ƙi Cirewa

Baba, kai kafinta ne da ba ya son a gyara masa aiki, balle a gyara masa zama. Ko guduma ta faɗo maka a yatsa, sai ka ce ita ta ji jiki. Haka ka ɗauki ciwon suga da aka ce kana da shi.

Mai kemis ɗin bakin titinmu, wadda ta karanci haɗa magunguna, takan tara masu irin ciwonka a ɗakin baya. Tana koya musu lokacin shan magani, da yadda za su auna abinci, da ɗan tattaki bayan an ci. Ni na raka ka ranar farko. Da ta ce kowa ya cire takalmi ta duba tafin ƙafarsa, sai fuskarka ta canza.

"Baba, suga yana kashe jin zafi a ƙafa," ta ce. "Sai mutum ya taka abu bai sani ba."

"'Yata, ƙafar nan ta girme ki," ka ce. "Ba ni ƙwayoyina in tafi."

Wani tsoho a kan benci ya ce ko dai safarka ce ta huje. Aka yi dariya, har da ni. Daga ranar ba ka sake shiga ɗakin ba, ni kake aikawa karɓar magani.

Wata safiya ina sharar shago na ga jini a cikin garin katako. Ƙusa ce ta ratsa takalminka, kai kuwa kana ta kankare katako kana 'yar waƙarka. Ka ɗaure wurin da tsumma.

"Kada uwarka ta ji," ka ce da ni. "Yarinyar nan ma kada ta ji. Ba zan koma ta ce ai ta faɗa ba."

Da na je karɓar magani ta tambaye ni, "Ina Baba? Yana duba ƙafarsa kuwa? Ko ƙurji ka gani ka kawo shi, ni zan haɗa shi da likita."

Na kalli kwalaben da ke bayanta, na ce lafiya lau.

Sai da wari ya cika ɗaki Mama ta gane. A asibiti suka ce ciwon ya shiga jini. Kana kwance fuskarka a bango, ba ka yarda mun haɗa ido ba har ka cika.

Mai kemis ta zo gaisuwa. Ta durƙusa gaban Mama tana kuka, wai laifinta ne da ba ta biyo ka gida ba. Ni kuwa na sulale waje.

Ga wanda ya karanta wannan: idan mai ilimin magani ya ce ka nuna ciwonka, ka nuna, ko da ka haife shi. Kuma idan mara lafiya ya ce ka rufa masa asiri a kan ciwo, ƙin yarda shi ne biyayya. Ni na yi maka irin biyayyar da ka nema, Baba, kuma har yau ban faɗa wa kowa da bakina cewa na sani ba.