Maɗacin Gidan Cindo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama. Mai gyangyaɗi ya tashi ya nemi uwarsa.

A wani gari an yi wani mutum, sunansa Cindo. Yatsu shida gare shi a kowane hannu, amma ba a taɓa ganin sun buɗe sun ba wani abu ba. Ya gaji gida a bakin hanyar kasuwa, da wani ƙaton maɗaci a ciki, jikin katanga. Hanyar nan miƙe take sambal tun daga ƙofar gari, sai da ta iso gidan Cindo ta yi gwiwa, ta kewaye shi, sannan ta wuce.

Abin da ke cin ran Cindo shi ne, ganye a tsakar gida yake zuba, inuwa kuwa waje take faɗawa. 'Yan kasuwa su sauke kaya, su miƙe ƙafa, har da masu minshari. Shi kuwa yana leƙe ta kan katanga, yana ƙunƙuni wai ana shanye masa inuwa ba ko sannu. Sai ya wasa gatari.

To garin nan akwai doka, majalisa ce ta kafa ta tun zamanin kakanni. Duk itacen da aka runguma yatsu suka kasa haɗuwa, ya zama babba, ba ya saruwa. Ko a tsakar gidanka yake, ba kai ba, ba majalisa ba, ba sarki ba. Mai yin awon ana ce masa Sarkin Runguma. Sarautar gado ce, gidan kuwa kaf gajeru ne. Na lokacin sunansa Guntau.

Akwai wata tsohuwa a gidan, Tabawa, ƙanwar uban Cindo. Ta gan shi da gatari ta ce, "Ɗan nan, kafin ka sare, je ka tambayi hanya abin da ya sa ta yi gwiwa a ƙofarka."

Ya ce tsufa ya fara taɓa Gwaggo, yaushe hanya ta yi baki.

Sai ya tafi majalisa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nemi a zo a yi awo. Galadima, shugaban majalisa, ya turo Guntau. Guntau ya tuɓe riga, ya manna ƙirji, ya miƙa hannu. Ko rabi bai ci ba. Ya kakkaɓe jikinsa, ya ce babba ne, ya yi gaba.

Sai Cindo ya ce ai bakin da ya ci shi ke jin kunya. Mutumin da ko ƙuda bai taɓa lasar akushinsa ba, ya shiga kiran Guntau cin abinci. Yau tuwo da man shanu, gobe dambu, jibi fura da nono. Duk lomar da Guntau ya kai baka, kamar daga cinyar Cindo aka yanko ta. Da kaka ta wuce, sai ya sake neman awo.

Guntau ya zo da kyakkyawar niyya, don ya ci na mutane. Ya tuɓe riga. Ashe tumbi ya fito. Tumbi ya riga ƙirji isa jikin itace, hannuwa suka tsaya suna reto a iska.

Ya ce, "Maigida, wallahi na so, amma itacen nan ya ƙara ƙiba."

Tabawa ta ce ɗayansu dai ya ƙara. Ta sake tambayar Cindo ko ya yi magana da hanya. Ya yi tsaki.

Sai ya koma majalisa yana kukan an zalunce shi. Galadima ya saurare shi da murmushi. Ya ce a al'ada, wanda aka yi wa awo sau biyu bai gamsu ba, yana iya kawo nasa mai runguma, amma sai mai gida ne kaɗai zai nema da bakinsa, a gaban shaidu. Har ya kwatanta masa wani Dogo a ƙauye, mai sosa gwiwa ba tare da ya sunkuya ba. Har ya ara masa jaki. Cindo ya tafi yana cewa bai taɓa ganin shugaba mai tausayin talaka irin wannan ba.

Dogo ya zo, gari ya taru. Ya rungumi maɗaci, ya yi nishi, ya ƙara nishi, sai kan yatsu suka taɓa juna.

Galadima ya ce, "Cindo, ka yarda itacenka ƙarami ne?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tsiro ne ma."

Kafin la'asar maɗaci ya kwanta. Ran kasuwa Cindo ya hau katanga yana kallon mutane suna wucewa cikin rana, gumi na zuba, yana dariya har da riƙe ciki.

Washegari da hantsi sai ga sallama. Galadima ne da mutanensa, da igiya da turaku. Suka ja igiya daga ƙofar gari, suka nufi kasuwa kai tsaye. Igiya ta shiga ta zaure, ta haye kututture, ta ratsa ɗakin Cindo, ta fita ta rumbunsa.

Galadima ya ce, "Tun zamanin kakanka muke son miƙe hanyar nan, babban itace ya tare mu, dokarmu ta ɗaure mu. Allah ya yi maka albarka, kai ka kwance mu."

Cindo ya rantse da abin da zai kashe shi cewa itacen babba ne, a kira Guntau. Guntau ya zo ya dubi kututture, ya ce shi sarautarsa ta itace mai tsayuwa ce. Ya tambaya ko da sauran fura.

Ɗakin Tabawa kaɗai igiya ba ta taɓa ba. Tana zaune a bakin ƙofa tana kaɗi, masu diga suna rushe zaure. Ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, ka ƙi zuwa wurin hanya, ga ta ta zo da kanta har ɗaka. Sai ka tambaye ta."

Ƙurunƙus kan kusu. Mai jin haushin a sha inuwarsa, rana ce za ta gaje shi. In kuwa kuka ga mai mulki ya ara muku jaki, ku fara duba inda jakin ya nufa. Ku tashi ku ba ni wuri.