Odar Gingimari a Lungun Masaƙa

An taɓa yin wani mutum, a wani gari da ba sai na kira sunansa ba, wanda ta dalilinsa aka ji odar gingimari a cikin lungun da ko amalanke ba ya shiga. Ku matso, ku saurara.

Bayan sallar isha'i ne. Mutanen Lungun Masaƙa suna zaune a ƙofar gida ana shan iska, sai suka ji "Paaam! Pam-paaam!" Odar babbar mota sak, irin wadda ke sa kaji watsewa. Barau tela ya yi tsalle ya manne da bango, takalmi ɗaya a ƙafa. Aka duba gabas, aka duba yamma, babu mota, babu ko ƙurarta. Daga ɗakin Baba Mati ƙarar ke fitowa, mutumin da aka daɗe ba a ji ko tarinsa ba.

To, bari in koma baya in gaya muku yadda aka yi.

Baba Mati tsohon direban gingimari ne. Ya ci hanya, hanya ta san shi. Wata rana ya yi hatsari, Allah Ya bar shi da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Aka kawo shi gida aka kwantar. Da farko yana amsa gaisuwa, daga baya ya juya fuskarsa bango. Tuwo ya zo ya koma. Kunu ma sai matarsa, Inna Dela, ta haɗa da hawaye kafin ya kurɓa. Mutum yana narkewa ana kallo.

A maƙwabtansu akwai wani bawan Allah, Ilu, mai gyaran rediyo da tsofaffin kwamfutoci a bakin kasuwa. Ba shi da komai sai teburi da ƙarfen narka dalma. Wata rana ya shiga dubiya, sai Inna Dela ta ce da shi, "Ilu, kalli hannunsa." Ya duba. Baba Mati na barci, amma hannunsa na dama yana tafiya a kan katifa, gaba, baya, gefe. Giya yake sawa.

Ilu ya fita. Ya je wajen 'yan gwangwan ya tono wata tsohuwar kwamfuta da wani sitiyarin wasa da aka yar. Nufinsa ya sa wa Baba Mati wasan tuƙin babbar mota, ko Allah Zai sa ya juyo daga bangon nan.

Amma ku sani, kwamfuta ba ta tashi sai da babbar manhaja a cikinta, kamar yadda jiki ba ya tashi sai da rai. Ni ba boko na yi mai zurfi ba, haka dai aka fahimtar da ni. Akwai ta sayarwa, wadda Ilu ba shi da halinta. Akwai kwafinta na sata, wanda ke yawo a kasuwa kamar gyaɗa. Akwai kuma wata, Linux ake ce mata, wadda wasu mutane a sassan duniya suka taru suka gina, suka bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Ranar da na fara jin haka na yi ta juya abin a raina. Wai mutum ya yi aiki, ya ajiye a bakin hanya, ya tafi!

Maƙwabcin teburin Ilu, wani Sallau, ya miƙo masa filash, ɗan abin nan da ake ɗauko manhaja a ciki, ya ce, "Ungo, Ustazu. Zuba wannan, yanzun nan sitiyarin zai kama. Kowa ita yake sawa."

Ilu ya ce, "Ta sata ce, Sallau."

"Sata? Wa ka ga an fasa wa ɗaki? Masu ita ma ba su san akwai garin nan a duniya ba."

"Wanda Ya san garin Yana nan. Mutum na kwance yana jiran rahamar Allah, ni kuma in kai masa haram har gefen gadonsa?"

Sallau ya yi dariya ya ce, "To Allah Ya ba da sa'a, Liman."

Ku saurara, nan jarrabawar take. Ita ta kyautar ba iri ɗaya ba ce, iri-iri ce kamar wake. Ilu ya sa ta farko, ga kyau kamar amarya, amma ta yi wa tsohuwar kwamfutar nauyi, sai nishi take. Ya sa wata da aka yi musamman don wasa, sai ya tuna Inna Dela ma za ta so ta riƙa ganin 'yarta da ke aure a nesa ta cikin kwamfutar, a wannan kuwa ko shi sai ya yi lalube. Ya cire. Ya sa wata mara ado, mara nauyi, wadda ko tsohuwa za ta gane inda za ta taɓa. Wasan ya tashi lafiya lau. Amma sitiyari ya ƙi. A juya shi dama, a juya shi hagu, mota na tsaye.

Kwanaki suna tafiya, Baba Mati na ƙara ramewa. Maganar filash ɗin Sallau ta kai kunnen Inna Dela. Ta yafa mayafi ta zo har kasuwa, ta tsaya a gaban teburinsa.

"Ilu, an ce akwai wadda za ta yi yau, ka ƙi."

"Haka ne, Inna."

"Tsoron Allahnka ne zai kashe min miji?"

Jama'a, maganar nan ta shige shi. Filash ɗin na nan a kan teburin Sallau, miƙa hannu kawai zai yi. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Inna, ki yi min haƙuri zuwa Juma'a. Kullum zan zo in ba shi kunun da hannuna."

Haka ya yi. Da safe ya ba shi kunu, da rana ya koma kan sitiyari. Da dabara ta ƙare masa, sai ya shiga wani dandali a intanet inda masu wannan manhaja ke taimakon juna. Turancinsa guntu ne, ya haɗa da hotuna. Sai ga wani ya amsa. Ba suna, ba gari, hoton agwagwa kawai ya sa a madadin fuskarsa. Ni har yau ina tunanin agwagwar nan.

Mai agwagwa ya ce a gwada kaza, aka gwada, bai yi ba. Ya sake, ya sake, bai gaji ba. Sai ya tambaya, wa ake yi wa? Ilu ya ce wani tsohon direba ne, ƙafafunsa ba sa aiki. Mai agwagwa ya ce, to da me zai taka totur da birki? Ilu ya yi sororo. Wallahi bai taɓa tuna wannan ba! Da ya sa ta satar, da sitiyari ya kama tun ranar farko, ya ɗauka da murna ya kai wa gurgu motar da sai da ƙafa ake tuƙa ta. Da ya ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Mutumin nan ya zauna ya rubuta gyara na musamman, tun da abin a buɗe yake. Sitiyari ya kama, totur da birki suka dawo hannu.

Daren Juma'a Ilu ya kai kayan, ya jingina Baba Mati da matashi, ya ɗora masa hannu a kan sitiyari. Hanya ta miƙe a gabansa, ga itatuwa, ga gada. Baba Mati ya daɗe yana kallo. Sannan ya danna oda.

Da su Barau tela suka ruga ɗakin, suka tarar da shi yana cewa, "Kai, yaron mota, duba min baya!" Ilu na dariya yana share ido yana cewa, "Taho, Baba, taho, babu kowa." Baba Mati ya waiwayi matarsa ya ce, "Dela, akwai sauran tuwo? Tafiyar da nisa."

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku riƙe. Halal takan yi jinkiri, amma a cikin jinkirin nan Allah kan ɓoye abin da ba ka san kana bukata ba. In an miƙo muku hanya mai sauƙi aka ce kowa ita yake bi, ku tuna da Ilu. Sannan ku yawaita godiya. Inuwar da kuke zaune ciki yanzu, wani ne ya dasa itacen. Tabarmar masallacin nan, wani ne ya shimfiɗa ya tafi. Ku ma ku ajiye wani abu a bakin hanya, ko ba za a san ku ba.

A daren nan, da Baba Mati ya cinye tuwonsa, aka ɗaga hannu za a yi addu'a. An sa wa Ilu albarka, yana ta sunkuyar da kai yana cewa ba shi ba ne. Sai Barau tela ya ce, "To shi mai agwagwar fa, Ilu? Sunansa wa, mu sa shi a ciki?"

Hannaye na sama, aka sa shi a addu'ar haka nan ba suna, tun da Allah Ya san shi.